Tambaya da Amsa: Ina Tseren Jiragen Teku na Da Ya Shiga?

Wasiƙar da na buɗe filin wannan fitowar da ita ta zo ne daga wani dattijo, tsohon makanike da ke zaune a Kakuri, kuma na ba ta mafi yawan shafin saboda tambayar ba irin wadda aka saba aiko mana ba ce, musamman daga gari irin Kaduna da ba ya kusa da teku.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni tsoho ne, na yi aikin injuna a ɗaya daga cikin masana'antun Kakuri tun farkon shekarun 1970 har ranar da aka rufe ta. A wancan lokaci akwai wani Bature injiniya da muke aiki a ƙarƙashinsa, ana aiko masa da mujallun jiragen ruwa daga ƙasarsu, idan ya gama karantawa sai ya bar mana su a wurin aiki. A cikinsu na fara ganin hotunan wasu dogayen jirage masu tsinin baki suna tashi sama daga kan teku, mutum uku a tsaye a ciki, babu komai kewaye da su sai ruwa. Ban taɓa ganin teku da idona ba sai da na je aikin Hajji na hango ta a Jidda, amma hotunan nan ba su bar raina ba har yau. Kwanan baya jikata ta nuna mini tseren na yanzu a waya, sai na ga jirage a rufe ruf suna ta zagaye a bakin gaɓa, ko matuƙan ba a gani. Shin tsufa ne ya sa nake ganin na da ya fi, ko kuwa wasan ne ya lalace?

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma sau da yawa begen ƙuruciya ne ke ƙawata wa mutum abin da ya wuce, amma a wannan batun idonka bai yaudare ka ba. Jiragen yau sun fi na cikin mujallunka gudu nesa ba kusa ba, domin manyansu kan kai kilomita 250 a sa'a guda. Abin da ya tafi shi ne ƙetare teku, wato mutum ya bar wata gaɓa ya nufi wata gaɓar da ba ya hangowa, kuma wannan shi ne asalin wasan.

Tseren a siffar da ka san shi ya soma ne a shekarar 1956, lokacin da aka fara gasar tashi daga birnin Miami na Amurka zuwa Nassau, babban birnin tsibiran Bahamas. Tafiyar mil 184 ce, kusan kilomita 296, wato ta fi nisan Kaduna zuwa Kano, kuma a tsakiyarta akwai wani ƙaƙƙarfan ruwa mai gudu zuwa arewa a cikin tekun, wanda idan iska ta taso masa daga arewa sai raƙuman ruwa su miƙe tsaye kamar katanga. A shekarar 1960 aka yi gasar cikin irin wannan mummunan yanayi, sai wani dillalin jiragen ruwa mai suna Dick Bertram ya shigo da jirgi mai tsawon ƙafa 31 da ya sa wa suna Moppie, laƙabin matarsa. Wanda ya zana jirgin, Ray Hunt, ya yi wa ƙasansa siffar harafin V mai zurfi tun daga goshi har baya, ta yadda zai riƙa yanka ruwa maimakon ya riƙa faɗa masa da faɗin ciki. Moppie ya isa Nassau cikin sa'a takwas, ya bar na biyu a baya da tazarar sa'o'i, kuma daga wannan rana masu ƙera jiragen gudu a duniya suka koma wa wannan ƙirar. Kusan duk jirgin da ka gani a mujallun nan jikan Moppie ne.

Labarin bai daɗe ba ya ƙetara Turai. Sir Max Aitken, mai jaridar Daily Express ta Landan, wanda ya tuƙa jirgin saman yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu, ya kafa gasar Cowes zuwa Torquay a kudancin Ingila a 1961, kuma Tommy Sopwith ne ya fara lashe ta da jirginsa Thunderbolt, da gudun da bai wuce kimanin kilomita 40 a sa'a ba. Italiyawa suka bi sahu a 1962 da gasar tashi daga Viareggio zuwa Bastia a tsibirin Kosika da dawowa. A 1964 aka fara bayar da kambun duniya, kuma Jim Wynne ne ya fara ɗaukarsa. Daga nan sai tafiye-tafiyen suka ƙara tsawo: a 1969 aka zagaye tsibirin Birtaniya gaba ɗaya, a 1972 kuma aka tashi daga Landan har Monte Carlo a ƙasar Monako, tafiyar kwanaki masu yawa. Ya kamata a tuna cewa manufar Aitken tun farko ita ce a gwada jiragen da mutane za su iya saye su fita da iyalinsu, shi ya sa na farkon suke da ɗakin kwana a ciki, kuma wanda ya ci gasa ranar Asabar yakan sami masu sayen irin jirginsa a makon da ya biyo.

Tun da kai ma'abocin inji ne, bari in tsaya a kan mutum ukun nan da ka gani a tsaye, domin a nan daɗin wasan yake. Ba su zama saboda idan jirgi ya tashi sama ya faɗo, ƙashin bayan wanda ke zaune ne zai karɓi dukan, don haka suke tsayawa cikin wani gurbi mai laushi da ya riƙe ƙugu, gwiwoyi su riƙa shanye girgizar. Na farko yana riƙe da sitiyari, idonsa a kan raƙumin ruwan da ke tafe. Na biyu ba ya taɓa sitiyari ko kaɗan, aikinsa totur ne kawai, kuma masana wasan sun yarda cewa shi ne ke cin gasa ko ya faɗi. Duk lokacin da jirgi ya bar ruwa, farfela takan fito sarari ta rasa abin turawa, kuma ka fi ni sanin abin da ke samun injin da aka danna wa wuta babu kaya a kansa, don haka dole ya janye totur a daidai lokacin tashi, ya mayar a daidai lokacin sauka, ya maimaita wannan sau ɗaruruwa cikin sa'o'i uku ko huɗu, yana sauraron kukan injuna biyu yana kuma daidaita kwanciyar jirgin. Sau da yawa shi ne makaniken da ya haɗa injin da hannunsa, idan kuma wani abu ya tsinke a tsakiyar teku shi ne zai sunkuya cikin zafi da warin fetur ya gyara. Na uku shi ne mai duba hanya, ba shi da komai sai kamfas da agogo da taswira, kuma kuskure kaɗan daga wajensa kan sa jirgin da ke kan gaba ya wuce alamar juyawa ya ɓace. Idan ina tunaninsa sai in tuna jagaban ayarin fatake, ko mai ja-gorar raƙuman gishiri daga Agadas zuwa Bilma, mutumin da ake damƙa wa rayuka a filin da babu bishiya babu dutse.

Sunan da ya fi kowane tashe a wancan zamani shi ne Don Aronow, wanda ya tara dukiya a harkar gine-gine kafin ya koma Miami, ya ci kambun duniya a 1967 da 1969, ya kuma kafa kamfanonin Formula da Donzi da Magnum da Cigarette ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu a kan titi guda suke, titi na 188 a arewacin Miami, inda masu ƙera jirage da masu haɗa injuna suka jeru ƙofa da ƙofa. Sarakuna da attajirai sun yi ta sayen jiragensa, har George Bush babba ma ya mallaki jirgin Cigarette.

To, amma ruwa ba ya tsami banza, kuma ba zan ɓoye maka cewa ɓarnar ta fara ne tun wasan yana kan ganiyarsa ba. Jirgin da zai iya ƙetarawa daga Bahamas zuwa Amurka cikin ɗan lokaci a ruwa mai hargitsi shi ne daidai abin da masu fasa-ƙwaurin tabar wiwi da hodar iblis suke nema, don haka a ƙarshen shekarun 1970 da cikin na 1980 kuɗin ƙwaya ya kwararo cikin wasan, har ta kai wasu matuƙan da ake tafa wa da rana su ne masu safara da dare. Hukumar kwastan ta Amurka da kanta sai da ta sayi jirage daga kamfanin Aronow don ta iya bin sawun masu laifin. Ranar 3 ga Fabrairun 1987 aka harbe Aronow har lahira a cikin motarsa a kan titin nan na 188. Ben Kramer, wanda ya zama zakaran Amurka a 1986, an yanke masa ɗaurin rai da rai kan safarar wiwi, daga baya kuma a 1996 bai musanta tuhumar hannu a kisan Aronow ba a gaban kotu. Kamfani mai mutunci da ke tunanin manna sunansa a jikin jirgi dole ya ja da baya idan ya ga irin waɗannan labarai a shafin farko na jaridu.

Abu na biyu, kuma mafi nauyi a ganina, shi ne mutuwa. Daga ƙarshen shekarun 1970 jirage masu tagwayen ƙasa, irin waɗanda kamfanin Cougar na Ingila ya shahara da su, suka fara kayar da masu siffar V. Iska ce ke shiga ramin da ke tsakanin ƙasan biyu ta ɗaga jirgin, sai ya zama rabinsa yana ruwa rabinsa yana sama, gudun ya ƙaru ƙwarai, amma idan goshin ya ɗaga fiye da kima iskar takan kifar da shi ta baya, alhali mutanen ciki a buɗe suke. Ranar 23 ga Agustan 1987 Didier Pironi, Bafaranshen da ya taɓa tuƙa wa Ferrari motar tsere, ya mutu tare da abokan tafiyarsa biyu a kusa da tsibirin Wight na Ingila, bayan da jirginsu Colibri ya hau igiyar ruwan da wani jirgin dakon mai ya bari. Shekara uku bayan haka, ranar 3 ga Oktoban 1990, Stefano Casiraghi, mijin Gimbiya Caroline ta Monako, ya rasu yana da shekara 30 a kusa da gaɓar Monako, yana kare kambun duniya da ya ci a 1989. Wannan mutuwar ta girgiza Turai, kuma bayanta ne rufaffen mazauni mai murfi irin na jirgin saman yaƙi, da ɗamarar kujera da tukunyar iskar numfashi, suka zama abin da aka koma wa. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba ka ga fuskar kowa a wayar jikarka ba. Na san rufewar ta rage wa kallon armashi, amma ba zan iya cewa a mayar da mutane waje don mu ji daɗin hoto ba, domin ko da murfin ma ba a tsira gaba ɗaya ba: matuƙa biyu sun mutu a Dubai a watan Disambar 2009, wasu uku kuma a Key West ta Amurka a 2011.

Da aka rufe mutum aka ɗaure shi a kujera, sai wata larura ta biyo baya, wato dole masu ceto da masu ninƙaya su kasance inda za su iso gare shi cikin mintoci kaɗan idan jirgi ya kife, abin da ba zai yiwu ba a tsakiyar tafiyar kilomita ɗari uku. A gefe guda kuma masu ɗaukar nauyi da gidajen talabijin sun gaji da wasan da ake ganin tashinsa da safe, a zauna jiran dawowarsa da rana, ba tare da ɗan kallo ya ga abin da ya faru a tsakani ba. Buƙatun biyu suka haɗu suka jawo tseren zuwa bakin gaɓa, aka mayar da shi zagayen 'yan kilomitoci da ake maimaitawa. Na'urar nuna hanya ta tauraron ɗan'adam ta ƙarasa abin da ya rage na aikin mai kamfas, sai jirgi ya koma na mutum biyu. Ka ga ke nan an tashi daga tafiyar fatake an koma sukuwa a fili, kuma duk da cewa sukuwa ma tana da nata gwanintar, ba ita ce ta kama zuciyarka a Kakuri ba.

Sauran dalilan na kuɗi ne da na shugabanci. Tsadar injuna da inshora ta kori matsakaitan masu sha'awa, har ya zama a shekarun 1990 da na 2000 manyan ƙungiyoyi kaɗan ne ke musayar kambun, musamman Victory ta Dubai da Spirit of Norway, wadda Steve Curtis na Ingila ya riƙe wa totur. A Amurka masu shirya gasa suka rarrabu gida-gida, kowa yana naɗa nasa zakaran duniya a rukunoni barkatai, har mai kallo ya kasa sanin wane ne gwani na gaskiya. Durƙushewar tattalin arzikin duniya a 2008 ta zo ta tarar da wasan ya riga ya raunana. Titin nan na 188 kuwa, yau dogayen gidajen kwana na masu hali ne a inda ake jin ƙarar injuna a da, kuma ba sai na yi wa mutumin Kakuri bayanin yadda zuciya ke ji idan ya bi ta layin da ya sani cike da ma'aikata ya tarar da shi shiru ba.

Duk da haka akwai ragowar na da. Gasar Cowes zuwa Torquay da dawowa tana nan ana yin ta a ƙarshen watan Agusta, ko da yake jiragen ba su kai yawan na da ba, an kuma sake zagaye Birtaniya a 1984 da 2008. Sannan akwai mutane irin su Fabio Buzzi, injiniyan Italiya da ya ci kambun duniya a 1988 da injunan dizal a lokacin da ake ganin sai fetur, wanda bai daina dogayen tafiye-tafiye ba har ya rasu a watan Satumbar 2019 yana da shekara 76, lokacin da jirginsa ya daki katangar tare ruwa da dare a mashigar birnin Venice na Italiya, a ƙarshen tafiyar kafa tarihi daga Monte Carlo. Ka ce wa jikarka ta nemo maka bidiyon Cowes, a nan za ka ga jirage masu siffar V suna ɓacewa a sararin teku kamar yadda ka san su.

TAMBAYA: A ƙasan wasiƙar, jikar tasa da ta rubuta masa ita ta ƙara nata layin, tana cewa: Malam, a duk hotunan da Kaka yake ba mu labari maza ne kawai. Shin mata ba su shiga ba ne?

AMSA: Sun shiga, 'yata, har sun kayar da mazan. Betty Cook, Ba'amurkiya, ba ta fara tsere ba sai da ta haura shekara hamsin, amma ta ci kambun duniya sau biyu, a 1977 da 1979, ta kuma zama mace ta farko da ta lashe gasar Cowes a 1978. Shahararrun jiragenta Kaama take kiransu, sunan wata dabbar dawa ta kudancin Afirka mai kama da gada. A Ingila ma Lady Violet Aitken, matar wanda ya kafa gasar Cowes, ta yi tsere da kanta. Teku mai hargitsi ta fi buƙatar haƙuri da karanta ruwa fiye da ƙarfin damtse, kuma an san Betty Cook da lallaɓa jirgi ya isa gida lafiya alhali masu gaggawa sun fasa nasu injunan a hanya.

TAMBAYA: Wani matashi daga Barnawa ya rubuto cewa: Yaya, na ga an yi tseren jiragen ruwa masu amfani da lantarki a Legas, har da ƙungiyar Didier Drogba. Shin irin wannan za a iya kawo shi Kogin Kaduna?

AMSA: Ƙanena, gasar da ka gani sunanta E1, an fara ta a Jidda a farkon 2024, ta kuma zo Legas a watan Oktoban 2025, karo na farko a nahiyar Afirka. Jiragenta iri ɗaya ne duka, suna da wasu fikafikai a ƙarƙashi da ke ɗaga su sama da ruwa, gudunsu kimanin kilomita 90 ne a sa'a, kowace ƙungiya kuma tana da matuƙi namiji da mace. Na yi murna da zuwanta, amma ka lura cewa ita ce ƙarshen hanyar da na bayyana wa Baba a sama, wato gajeren zagaye a ruwa mai kwanciya a gaban 'yan kallo. Kogin Kaduna kuwa bai dace da ita ba, domin duk wanda ya tsaya a bakinsa ta wajen Gamji da rani ya ga duwatsun da ke fitowa fili, da damina kuma ruwan yakan cika ya yi ƙarfi ya ɗauko itatuwa da tarkace, kuma fiffiken jirgi mai wannan gudun ba zai jure karo da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Idan tseren ruwa kake sha'awa, muna da namu a Arewa tun kafin a ƙera Moppie. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934 kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, yana da wasannin kabanci da suka haɗa da tseren kwale-kwale da ninƙaya, a Yauri kuma akwai bikin Rigata a kan Kogin Kwara. Ka shirya ka je ɗaya daga cikinsu, ka nemi wuri kusa da sarkin ruwa da mutanensa, ka lura da yadda mai riƙe da filafili a baya yake duban fuskar ruwa kafin ya karkata kwale-kwalen. Idan kuma za ka shiga jirgi a can ko a ko'ina, kada ka taka shi sai da rigar kariya a jikinka, ko da matuƙin ya ce maka tafiyar ba ta da nisa.